Ranar da Ƙorama Ta Ari Mashin Ɗina

Shekara goma ina koyar da labarin ƙasa a Kankiya, don haka ban ga abin da wani zai koya mini a kan ƙoramar bayan gonarmu ta Kaikai ba. Yashi ne busasshe. Na kafe mashin ɗina a tsakiyarta, ƙarƙashin inuwar kanya.

Wani dattijo makiyayi da ke kora shanunsa tudu ya ce, "Malam, fid da shi nan. An yi ruwa gabas."

Na dubi sama, ko gajimare babu. Na yi masa bayani a tsanake: 'yar ƙorama ce, aikinta kawai kai ruwa gulbi, a taswira ma da ƙyar ake ganinta.

Ya ce, "To, Allah ya ƙara sani."

Ban gama nome kunya biyu ba na ji ruri. Jan ruwa ya taho, ya ɗauki mashin, ya bi da shi daidai hanyar da na kwatanta.

Sai bayan kwana uku aka tono shi a mahaɗar gulbi. Har yau in na shiga kasuwar Kusada, 'yan acaba kan ce, "Malam Taswira, yau ta tudu ka zo, ko ta ruwa?"