Yadda Za Ka Mai da Talaucinka Ado Irin na Mutanen Japan

Kai mai gidan da ya tsattsage, matso kusa. Matakai biyar ne kacal. Ka bi su, na ba ka tabbaci kafin kasuwa ta sake ci, har hukuma sai ta sara maka. Da idona na ga sun yi aiki a kan maƙwabcina Matiyu, a Kanan-Bakashe, shekarar farin nan da soja ke mulki.

Mataki na 1: Samo baƙo daga nesa

Ɗan gari ba zai taɓa yaba tsummanka ba, ya san tarihinsa. Matiyu ya yi sa'a, wani ɗan Japan mai aikin rijiyoyi ya tsaya ƙofarsa neman ruwa. Matarsa Dabora ta kawo cikin ƙwaryar da gyartai ya ɗinke wuri bakwai, kunya kamar ta nitse. Baƙo ya juya ƙwarya, ya shafa ɗinkin, ya ɗauke ta hoto. Tafintansa ya ce a ƙasarsu abin da ya tsage, ya tsufa, yake shirin ƙarewa, shi ne mai kyau, har suna gare shi, wai wabi-sabi.

Matiyu ya dubi gidansa tun daga ƙofa har makewayi. Ya ce, "Dabora, ashe mu ne manyan garin nan ba mu sani ba!"

Mataki na 2: Kada ka gyara kome

Darni ya faɗi? Bar shi, hutawa yake. Rumbu ya karkace, ba ko zangarniya ciki? Madalla, iska ta samu wurin zama. Ranar da Dabora ta kwaɓa laka za ta toshe tsagar ɗaki, da gudu Matiyu ya riƙe hannunta. Ya ce shekara shida bangon nan yana wannan aiki, ba za a ɓata masa shi da rana tsaka ba. Ka riƙe wannan: gyara aikin marasa ilimi ne.

Mataki na 3: Abin da ya ƙi lalacewa, taimaka masa

Tulu ɗaya ne lafiyayye a gidan, Matiyu ya ɗan gaishe shi da dutse. Rigarsa ta zuwa majami'a kuwa, akuya ya bari ta gyara mata wuya. Da fasto ya ja shi gefe ya tambaye shi ko lafiya, sai ya ce, "Fasto, taka rigar ce ke ba ni tausayi, ko huji babu."

Mataki na 4: Yaba gonarka

Idan hatsi ya bushe tun bai kai gwiwa ba, kada ka bi sahun masu salati. Tsaya bakin gona, goya hannu a baya, ka ce, "Kai, dubi launi!" Za a ce ka taɓu. Hassada ce.

Mataki na 5: Kada ka saurari matarka ranar manyan baƙi

Nan ne ake gane gwani. Kwamanda ya zo daga Mayahi da kamyo, wato babbar mota, cike da dawar taimako, yana bi gida gida, buhu ɗaya ga duk gidan da yunwa ta kama. Gidan Matiyu kuwa kwana tara ke nan yaransa uku ba su ci kome ba sai anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu.

Dabora ta tare shi a tsakar gida. "Baban Lami, don Allah yau kaɗai ka rufe bakinka. Yau kaɗai."

Ina! Kwamanda na shigowa ya ce, "Maigida, mi ke damun gidanga?"

Matiyu ya gyara yagaggen wuyan riga. "Damuwa, ranka ya daɗe? Dubi bangon nan. Dubi rumbun nan. Daga Japan aka zo aka ɗauke mu hoto. Nan gidan ba abin da muka rasa."

Kwamanda ya cire tabarau, ya ƙame, ya sara masa. Ya ce da duk talakawa haka suke, da ƙasa ta huta. Ya sa sojoji suka tafa masa sau uku, sannan suka wuce gida na gaba da buhunsu. Ka ga sakamako ko? Abin da na yi maka alkawari ke nan, ba ragi.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, ba ni a ciki. Idan 'ya'yanka suka yi kuka, ko matarka ta yi mako ba ta dube ka ba, kada ka zo ƙofata, ban san ka ba. Ni dabarar kawai na koyar, ban ce na gwada ta ba. Gida na gaban nan nawa ne. Tun kwamanda bai buɗe baki ba na faɗi ƙasa ina birgima, aka sauke mini buhuna, aka ɗora mini na Matiyu.

Da la'asar na hangi matata Habsatu tana miƙa wa Dabora tiya huɗu ta kan darni, su biyu suna share hawaye. Na juya baya na yi kamar ina ɗaure jaki. Wannan ma ba da izinina aka yi ba, kuma kada ka gaya wa Matiyu.