Rasuwar Ɗan Maraɗi, Batirin da Kunya ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da ya rasa inda zai sauka, Zunnuraini Hamidu Daddara, wanda har zuwa Asabar ɗin da ta wuce direba ne a layin Jibiya zuwa Maraɗi, yana sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar batirin motarsa, wanda aka fi sani da Ɗan Maraɗi.

An yi jinkirin fitar da wannan sanarwa saboda gardama. Habibu mai wayarin, wanda a rumfarsa abin ya faru, ya dage sai an rubuta cewa kashe shi aka yi, a kuma sa sunan wanda ya yi. Ya ce tun Juma'a direbobi ke kauce wa rumfarsa kamar mai annoba, shi ba zai ɗauki gawar da ba shi ya kayar ba. Zunnuraini ya ce ba za a sa suna ba. Habibu ya kira shi ragon maza a gaban mai shayi. Duk da haka ba a sa ba.

Marigayin ya shigo ƙasar nan ta bodar Magama shekara uku da suka wuce, cikin kwalinsa, a bayan but. Tun ranar da aka ɗaure shi a mazauninsa bai taɓa sa an tura mota ba. A murɗa makulli sau ɗaya, ya ce gurrum, shi ke nan. Ba ya inda-inda, ba ya jiran rana ta fito. Duk shingen da aka ce a kashe mota tsakanin nan da Maraɗi, a kashe, a tayar, a ƙara kashewa, bai taɓa ba ubangidansa kunya a gaban fasinja ba. Watannin da aka rufe boda, lokacin da baturan wasu suka koma gidaje suna cajin waya har suka sheƙa, shi yana nan a bakin aikinsa. Minti goma na ɗumama inji da safe, iyakar abin da ya nema ke nan.

Ciwonsa gajere ne, kuma ba na ajali ba ne. Da safiyar Juma'a, ana tsakiyar lodi, aka murɗa makulli ya ce ƙas-ƙas-ƙas, ya yi shiru. Aka sauke fasinja, aka gangara da motar wurin Habibu. Habibu ya kashe komai, ya cire agogonsa da zobensa, ya sa gilashi, sannan ya ɗora mita, jar waya a kan mai alamar tarawa, baƙa a ɗayan. Mita ta nuna sha biyu da ɗigo ɗaya. Lafiyayyen batir sha biyu da ɗigo shida yake nunawa. Habibu ya ce yunwa ce kawai, ga kuma farin gari da ya cinye kawunansa biyu da ake ɗaura waya. Ya wanke su da ruwan zafi da kanwa, ya sassauta murafu, ya sa shi a caji. Da ya cire, ya mayar da shi mazauninsa, ya ce kada kowa ya taɓa shi sai ya huce, domin batirin da ya sauka daga caji yana fitar da iska, iskar nan kuma ko tartsatsi ɗaya ba ta jurewa. Ya damƙa wa Zunnuraini mitar, ya tafi masallaci.

A nan wani dattijo ya iso. Tsohon direban gingimari ne, shekara talatin yana jan kaya zuwa Agadas, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ba za a ambaci sunansa ba, domin mahaifin Bilki ne, Bilki kuwa ita ce aka kai wa gaisuwar Zunnuraini bayan ƙaramar salla.

Zunnuraini ya durƙusa ya gaishe shi. Dattijo ya leƙa cikin bonet, ya tambayi me ake jira. Aka ce mita za a sa in ya huce. Ya yi tsaki, ya ce mita abin wasan yara ce, su a zamaninsu da ido suke gane mai rai. Ya miƙa hannu ya zari doguwar sifana daga tiren Habibu.

Zunnuraini ya san abin da zai biyo baya. An koya masa a aji biyar na sakandare, Habibu kuma ya maimaita masa ko rabin awa ba a yi ba. Mitar tana aljihunsa. Bakinsa lafiya lau. Amma a garin nan yaro ba ya riƙe hannun surukinsa, ba ya ce masa kada. Yana durƙushe, kansa a ƙasa, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "To, Baba."

Sifana ta haɗa kawunan biyu. Kalmar ƙarshe ta marigayin ita ce fam. An ji ta har tasha.

Murfinsa ya tsage, ruwansa ya watsu a kan inji da wayoyi da babbar rigar dattijo. Allah ya tsare ido. Zunnuraini ne ya ɗauko buta, ya yi ta kwarara masa ruwa a fuska da hannu yana ba shi haƙuri. A sake karantawa: shi ne ya ba da haƙuri. Dattijo ya kakkaɓe riga ya ce, "Ai dama matacce ne, ka gani ko?" Ya wuce masallaci, ya sami sahun gaba.

Washegari Hajiya Tsahara, mai motar, ta zo da kanta. Ba ta da doguwar magana. Ta ce in wani ne ya yi wannan aika-aika a faɗi sunansa ta san abin yi, in kuwa direbanta ne ya bari sakaci ya ci mata kaya, ya ajiye mata makulli. Habibu yana gefe yana huci, yana cewa faɗi mana, faɗi. Zunnuraini ya dubi ƙasa. Ya ajiye makulli a kan bonet. Jiya Lahadi, ranar kasuwar Jibiya, wani direba mai suna Manu ne ya ja motar da sabon batir, ta wuce cike maƙil, har ya yi wa Zunnuraini hon.

Marigayin ya rasu ya bar altaneta mai yi masa caji, wadda aka zarga kuma bincike ya wanke ta, da fitilun gaba biyu, ɗaya dama ba ta gani sosai, da rediyo, da hon ɗin da bai san kara ba. Ya bar mita, wadda ta ga komai daga cikin aljihu. Ya bar direba ɗaya a kan bencin mai shayi. Iyalan mamacin ba su ce Allah ya isa ba. Ba su kuma ce sun yafe ba.

Wasiyyarsa ga na baya: a gwada batir da mita, ba da ƙarfe ba. Kada a kusance shi da taba. In ya sauka daga caji a bar shi ya huce. In kuma an hango babba yana tahowa, a rufe bonet tun daga nesa, a zauna a kai.

Za a ɗauki gawar gobe Talata da hantsi daga rumfar Habibu, a baro, a tsaye kada sauran ruwansa ya zube, zuwa wurin Arzika mai gwangwan a hanyar Magama, inda za a ɗora shi a sikeli a cire masa dalma. Masu rakiya su zo da tsohuwar riga. Habibu ya ce ba zai zo ba. Zaman gaisuwa kwana uku ne, a bencin mai shayi, tunda mai makokin ba shi da inda za shi. An tanadi tabarma ta musamman domin dattijo, nesa da duk wani ƙarfe.

Shi ma ya aiko da tasa ta'aziyyar da safiyar yau, ta bakin Bilki, wadda ta faɗe ta tana kallon yatsun ƙafarta. Za a karanta ta ga duk wanda ya zo, ko a sami mai amsawa:

"Yaron nan tunda ba shi da mota yanzu, da mi za ya riƙe mani ɗiya?"