Rasuwar Zabuwa, Injin Ƙulla Ruwan Leda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido ɗaya a kan gawa ɗaya a kan hadari, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, abokan ciniki da duk wanda ya taɓa huda ledarmu da haƙori, rasuwar Zabuwa, wato injin da ke ƙulla mana ruwan leda a shagon da ke jikin gidana. Inji namiji ne, na sani, amma mu a mace muka ɗauke ta saboda yawan haihuwa. Ni ban iya rubutu ba. Auta ce ke rubuta mini, kuma na ce mata ta sa magana yadda ta fito, kada ta yi mata kwalliyar boko.

Marigayiyar ta zo gidan nan tun Auta na goye. A bayan mota aka kawo ta, lulluɓe da kwali, ƙarti suka sauke ta suna nishi. Tun daga ranar ba ta taɓa cewa ta gaji ba. A ba ta ruwa daga tanki, a ɗora mata naɗin leda, a ba ta wuta, shi ke nan. Cakas-tif, cakas-tif, cakas-tif. Kowane tif ɗa ne ya faɗo kwando, cike, da tambarinmu na guga a cikinsa. Da wannan cakas-tif ɗin na yi wa gidan nan rufin kwano, da shi na raka maigida asibiti har Allah ya karɓi abinsa, da shi wannan mai rubuta mini ta yi karatun da yau take gyara mini zama da shi. Ba ta gulma, ba ta zuwa biki ta bar aiki, ba ta taɓa aron zanena ta dawo da shi da maiƙo ba. A gidan nan ba kowa zan yi wa wannan shaidar ba, kuma masu abin sun san kansu.

Ciwon ajalinta ya fara ne da yoyo. Ƙarfen da ke ɗaukar zafi ya liƙe bakin leda ya fara sanyi, 'ya'ya suna fitowa baki buɗe suna zubar da ruwa a kwando. Bakanike ya zo ya canza ƙarfen, ta ɗan farfaɗo. Sai muryarta ta sauya, cakas-tif ya koma cakas, cakas, grrr, kamar tsoho mai kaki. Bakanike ya sake zuwa, ya kasa kunne, ya girgiza kai, ya ce ciwon ya shiga ciki. Ranar da za ta tafi, da hantsi ne, muna cikin aiki muka ji ƙauri. Ta yi grrr mai tsawo, ta yi tif ɗaya, ta tsaya da rabin leda a bakinta. Ba zan ce Allah ya jiƙanta ba, ƙarfe ce. Amma na cire ledar da hannuna na rufa mata zane.

Ta rasu ta bar ni. Ta bar babban ɗana, wanda ma'aikata ke kira Manaja shi kuma yake amsawa da sauri. Ta bar mata biyu masu jera ruwa a buhu, waɗanda tun ranar suke zaune hannu a haɓa suna kallon bakina. Ta bar mai kura da ke kai mana kaya shaguna. Ta bar janareta, abokin zamanta, wanda tare suka yi ta shan mai suna yi wa unguwa hayaƙi.

Sannan ta bar 'ya'ya. A nan ne maganar take, kuma a nan ne zama ya gagare ni.

Zabuwa mukan ce mata don zabuwa sai ta zuba ƙwai ta yi gaba, wani ya ji da reno. Da wasa muka sa sunan. To ku leƙa kwatar layinmu. Ku leƙa gindin katangar makaranta, da bakin tasha, da reshen bishiyar da ke kan kwana. Marayunta ne kwance, kowanne da guga a ciki. Ni ban san baƙi ba, amma gugana ko a cikin taɓo na gane shi.

Daminar bara kwata ta toshe. Ruwa ya rasa hanya, ya juya ya shiga ɗakin Tela, maƙwabciyata da ke gangare da mu, matar da muka yi zaman da ko 'yan uwa sai haka, wadda ita ta yanke wa Auta cibiya. Ruwan ya hau har ƙafar keken ɗinkinta, ya jiƙa ɗinkunan mutane, lesuka da shaddodi, baƙin ruwan kwata. Da aka zo yasa, abin da aka yi ta jawowa daga bakin magudanar leda ce. Tela ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da na samu sauƙi. Da safe na buɗe ƙofa na tarar da leda ɗaya a bakin dokin ƙofata, an shimfiɗa ta guga na kallon sama, an danne da dutse. Tun daga nan in na gaishe ta sai kekenta ya ƙara gudu. Ledar tana nan, na wanke ta na ajiye a ƙarƙashin tabarmar sallata.

Yanzu ga wata daminar ta kawo kai. Ina wannan maganar ma na tashi na leƙa waje, Auta tana cewa in zauna in ƙarasa. Gabas ta yi baƙi.

Manaja tuni ya samo magajiya. Tun gawa ba ta huce ba ya zo mini da hoton wata a waya, sabuwa fil, wai tana haihuwa ninkin marigayiya, mai ita yana jiran amsata. Ya ce in muka yi sanyi masu ruwan layin baya za su kwashe mana shaguna, ya ce ba ledarmu kaɗai ce a kwata ba, ya ce ba mu muka ce mutum ya sha ya yar ba. Duk gaskiya ne, yaron nan bai yi ƙarya ba. Kuma abincin gidaje huɗu yake kallo, ban ga laifinsa ba.

Auta kuwa aikinta ke nan a inda take aiki, auna rayuwar kaya daga haihuwa zuwa kabari, don masu sana'a su san abin da za su riƙe da abin da za su saki. Da can ina jin ta ne kawai. Wannan karon na ce ta auna mini tawa. Ta zauna ta bi mini ledar nan tiryan-tiryan. Asalinta man da ake haƙowa a ƙasa ne, an dafa shi a masana'anta, an naɗe, babbar mota ta sha mai ta kawo, Zabuwa ta sha wuta ta ƙulla, mai kura ya tura. Duk wannan doguwar tafiyar don mutum ya yi kurɓa uku. Daga nan ta kwanta a kwata, kuma Auta ta ce jikokin jikokina za su zo su same ta. Na ce ashe kaya ma da bashi suke zuwa duniya, da bashi suke barinta, mu farashin saye kawai muke gani.

Na zaci za ta yabi jarka, tunda sayar da ruwa a jarka take so mu koma, a cika wa mutum ya kai gida, ya dawo da ita a wanke a sake cikawa. Sai ta tona wa jarkar ma asiri. Robar jarka ɗaya ta yi leda tuli. Wankinta na cin ruwa da sabulu. Mai kura zai yi tafiya biyu, kai wa da ɗaukowa. Ta ce in jarka ta fita sau ɗaya ko biyu aka riƙe ta a gida ana zuba kananzir, to gara ledar, mun yi asara mun kuma ƙara wa ƙasa nauyi. Sai ta yi ta dawowa, ta yi ta dawowa, kafin ta biya bashin haihuwarta. Ta ce duk lissafin a kan dawowar ya rataya, kuma nan ne masu wannan sana'ar ke faɗuwa, don mutane ba sa dawo da kaya.

Manaja ya yi dariya ya ce to magana ta ƙare, a layin nan wa ke dawo da aro.

Ni kuwa a nan na ji ƙafata ta taka ƙasa. A layin nan akwai wadda ta ari ludayina ta yi ƙaura zuwa wata unguwa, na hau mota na je na gaishe ta da sabon gida na dawo da ludayina. Na san gidan da tsanina ya kwana jiya. Na san wanda ya ɗauki bokitin shago ya ce yanzu zai dawo, kuma in yana jin ana karanta wannan, ina gaishe shi. Ni za a koya wa bin kaya? In dai dawowa ce gindin abin, to sana'ar ta zo gidan uwarta.

Ban ce ba na tsoro ba. Matafiyi a tasha da ke son kurɓa ɗaya ya wuce ba zai ɗauki jarka ba, wannan cinikin ya tafi, na sallama. Wataƙila shekara ta zagayo Manaja ya tsaya a kaina ya ce ai ya faɗa. Amma mamaci in ya bar bashi magada ke biya, kuma ba a biyan bashin uwa ta hanyar auro wadda ta fi ta haihuwa. Don haka ina sanar da mai sabon inji ya daina jira. Zabuwa ba ta da magajiya.

Ga yadda za a yi jana'iza.

Ba za a kai ta bola ba, ba kuma za a ba masu ƙona waya su yi mana hayaƙi da ita ba. Bakanike zai cire abin da ke da sauran rai a cikinta ya sa wa wasu injinan. Gangar jikin mai walda zai yanka ya yi mana teburin wankin jarka, matan nan biyu su tashi daga tagumi su kama aiki a kansa. Ragowar naɗin leda za a mayar wa wanda ya sayar mana, ya san halina, zai karɓa.

Zaman makoki ba a kan tabarma za a yi ba. Ranar Asabar da safe ne, a bakin kwata, daga ƙofar shagonmu a gangara. In hadarin nan ya riga mu, to duk wanda ya ji iska ta taso ya fito, ba sai an aika ba. Mai zuwa gaisuwa kada ya kawo komai sai buhu da manjagara. Za mu tattara marayu, namu da na wasu, ba za mu tsaya duba tambari ba, a kai wa masu narkar da roba. Manaja ne zai fara shiga kwatar, ya riga ya sani, ya kuma nemi takalmin roba. Wanda ya sha ya yar, shi ma ɗan uwan mamaciya ne, ya zo ya ɗauki nasa kason.

Inda za a tsaya shi ne ƙofar Tela. Ledar da ta danne mini da dutse ni zan riƙo ta, ita za ta zama ta ƙarshe a buhu, a gabanta zan sa. Dutsen ma zan kai mata, nata ne. Sannan zan yi sallama. In keken ya tsaya ta amsa, an gama jana'iza, kowa ya tafi gida. In ya ƙara gudu, kada kowa ya ajiye manjagara.