Maɓallin da Ya Maƙale a Gefen Waya

Jama'a, ran nan da safe na fita ƙofar gida da takalmi biyu, na koma da ɗaya. Ɗayan ya nutse a ramin da bututun ruwa ya haƙa mana tun da ya fashe. Ruwan da ya ƙi zuwa famfo shi ne ke cin gindin bangon ɗakin uwar 'ya'yana, har ta rantse in bangon ya faɗi, ɗakina za ta kwaso tarkacenta, ni kuma in nemi inda dare zai yi mini.

Maƙwabcina mai aski ya ganni ina ɗingishi, ya ce, "Malam, ai yanzu an daina zuwa ofis. Hukumar Sauraron Kukan Talaka ta fito da manhaja. Daga kan gadonka za ka yi kuka, su share maka hawaye."

Na sauke ta a waya. Gaskiya a yaba wa wanda ya tsara ta, ya san girman manya. Hoton Mai Girma Uban Alkawari yana zaune daram a tsakiya, bai karkata ko da faɗin gashi ba. Daga nan ne fa aiki ya gaji. Rubutu ya hau kan rubutu kamar awaki a bayan mota. Wurin da aka bar wa talaka ya rubuta kukansa siriri ne kamar bakin asusu, sai da kalmar "bututu" ta rabu gida biyu. Shi kuwa maɓallin "Aika" ya sulale can gefen dama ya shige, harafi ɗaya kawai ke leƙowa, kamar wutsiyar ƙadangare a tsagar bango. Dab da shi ga wani ƙato kore, mai ƙiba kamar ɗan kwangila, an rubuta masa "Na Gamsu".

Na juya wayar a kwance, "Aika" ya ɓuya bayan allon haruffan rubutu. Na miƙar da ita, ya koma gefe. Uwar 'ya'ya ta gwada da ɗan ƙaramin yatsa, ta yi tsaki ta tafi. Mai aski ya ce, "Kawo nan, hannun da ke gyaran fuska ba ya kuskure." Ya auna, ya riƙe numfashi, ya danna.

Wayar ta ce, "Mun gode da yabonka."

Na ce, "Allah ya isa!"

Ya ce, "To ai ko banza sun amsa."

Bayan 'yan kwanaki na ji Babban Daraktan hukumar, uban 'yan dawo-gobe, yana faɗa a rediyo cewa tun da aka ƙaddamar da manhajar ko kuka ɗaya bai iso musu ba, sai yabo. Bai yi ƙarya ba, wallahi. Sai ga kira, wai an zaɓe ni cikin waɗanda suka gamsu, Darakta zai zo da masu ɗaukar hoto in maimaita yabon a gaban duniya. Na ce su zo, kuma su bi ta ƙofar gida, ta fi kusa.

Suka zo da jiniya. Direba ya ga ruwa kwance lumui, ya zaci kwalta ce aka wanke don zuwan manya. Ji kake tsundum! Da ƙyar aka zaro Darakta ta taga, rigarsa na ɗigar taɓo.

Ya daka mini tsawa, "Kai dattijo, me ya hana ku kawo kuka?"

Na rusuna na miƙa masa waya. "Ranka ya daɗe, ga kukan nan a rubuce. Taimaka ka aika mana."

Ya bi maɓallin da babban yatsa, ya karkata kai, ya karkata waya, masu hoto na ɗauka. Ya danna. Wayar ta gode masa da yabonsa. Mai aski ya shige shago yana tarin ƙarya.

Kafin rana ta faɗi an canza bututu, an cike rami, har da yi wa bangonmu yaɓe. Ashe ciwon da ke jikin wani ne kawai ke jiran kwamiti.

Yanzu mutanen layin baya, masu wata tsohuwar gadar katako da ta ruɓe, sun wuni suna danna "Na Gamsu", sun ce manya su zo su ga godiya da idonsu. Ni dai ina yi wa tawagar fatan isa lafiya. Amma ba sosai ba.