Doka ta Bakwai, Sakin Layi na Biyu

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa 'yan unguwarmu za su bar ni in manta, da ranar da na fitar da ƙungiyar ƙanena daga gasar ƙwallon kwando da bakin nan nawa. Ba wanda ya sa ni. Har yau in abin ya faɗo mini sai in yi tsaki ni kaɗai, mutane su waiwayo.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a, kafin yaƙi ya warwatsa mu daga Umdurman. Ni mutum ne da ko sallama zan yi sai na maimaita ta a zuci sau biyu. Ustaz Haruna, malamin makarantar da ke shirya wa matasan unguwanni gasa a lokacin hutu, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Kai da kullum kanka na cikin littafi, rubuta mana dokoki. Shafi ɗaya ya isa." Na kai masa shafi tara. Doka arba'in da ɗaya, kowace da 'ya'yanta (ban taɓa jefa ƙwallo cikin kwando ba a rayuwata, amma wannan bai dame ni ba ko kaɗan).

Wadda na fi alfahari da ita ita ce ta bakwai: duk ƙungiyar da ba ta cika mutum biyar a fili ba minti goma bayan lokacin wasa, ta faɗi. Da yake na san halin mutanenmu, komai aka yi sai a ce "ma'alesh", wato a yi haƙuri ba komai, a wuce, sai na ƙara sakin layi na biyu, cewa babu sassauci ko da ƙungiyoyin biyu sun yarda. Ustaz ya duba takardun sama-sama ya ce, "Allah ya sa mu iya," ya sa hannu. Ina da yaƙinin bai karanta ba.

Ƙanena Abakar shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar unguwarmu, kuma gasar nan ce ta ƙarshe gare shi, don baɗi ya wuce shekarun da aka ƙayyade (ni na ƙayyade). Dokata ta ce kowace ƙungiya ta kawo sunaye bakwai, su kuwa su shida ne, sai ya cika da sunana. "Zama kawai za ka yi, Yaya," in ji shi. Suka yi ta ci har suka kai wasan kusa da na ƙarshe, da za a yi a unguwar Aljirif ta Khartoum ƙarfe sha ɗaya da rabi.

Ran wasan da safe Abakar ya shigo ɗakina a firgice. Ɗan wasansu ɗaya ya tafi garin Madani ta'aziyya, ɗaya ya gurɗe a ƙafa. Saura huɗu. "Ka zo ka tsaya kawai mu cika biyar. Kada ka taɓa ƙwallon, don Allah." Na ce to. Sai na tuna doka ta sha biyu ta hana wasa da silifa, ni kuwa ba ni da takalmin wasa. Na ce su yi gaba, zan biya Kasuwar Umdurman in ari na ɗan Kawu Bello.

Na isa shagon ɗinkin Kawu ƙarfe goma daidai, wato daidai lokacin fatur, karin kumallon hantsi. Duk wanda ya zauna a Sudan ya san in an ajiye kwanon ful, dafaffen waken nan, da hantsi, almakashi ma hutawa yake yi. Teloli shida sun kewaye kwano, an zuba man riɗi, an gutsuttsura burodi.

"Itfaddal, ɗan 'yar'uwata!" in ji Kawu, wato bismillah, in sa hannu.

Na ce, "Kawu, sauri nake..."

"Saurin me? Wallai ba ka fita nan sai ka sa hannu. So kake uwarka ta ji ka zo shagona ka tafi da yunwa?"

Mai baki da ya ce gasa ce, ana jirana. Ni sai na tsuguna. Na ci loma uku na miƙe, aka jawo ni da gefen riga. Aka kawo shayi. Aka kira maƙwabcin shago ya zo ya ga "yaron nan namu na jami'a", shi kuma ya nemi in duba masa wata takardar asibiti. Ina duba agogo a ɓoye kamar mai sata, ina murmushin dole. Da na samu na kuɓuta da takalmi a leda, motar da na shiga ta maƙale a kan gada.

Na shiga filin Aljirif a guje, minti goma sha huɗu bayan lokaci. Abakar ya rugo ya rungume ni. Mai horar da 'yan Aljirif, wani dattijo mai kirki, ya ɗaga hannu ya ce, "Ma'alesh ya jama'a, daga Umdurman suka taso. Mun yafe, a yi wasa." 'Yan kallo suka tafa. Alƙalin wasa ya sa usur a baki, sai kuma ya cire, ya juyo gare ni, don kowa ya san ni ne mai takardu.

"Ya ustaz, ai ba abin da ya hana, ko?"

Kai kawai zan girgiza, shi ke nan. Ba wanda ya karanta shafi tara ɗin nan a faɗin Khartoum sai ni. Amma an yi mini tambaya a kan abin da na sani, kuma tun daga firamare ban taɓa iya riƙe amsa a ciki ba. Ni da na kasa ce wa Kawu "a'a" a gaban mutum shida, sai ga muryata ta fito tar a gaban mutum ɗari:

"Doka ta bakwai, sakin layi na biyu. Babu sassauci ko da ƙungiyoyin biyu sun yarda."

Alƙali ya buɗe takarda, ya bi layin da yatsa, ya dube ni da tausayi, ya busa usur. Dattijon nan ya tambayi na kusa da shi, "Wai wannan da wa yake?" Ustaz Haruna ya dafe rawaninsa da hannu biyu. Abakar kuwa ya matso dab da ni, idonsa jawur, ya ce a hankali, "Yaya, ƙwallo na ce kada ka taɓa. Ban san sai na ce maka ka yi shiru ba."

Mota ɗaya muka shigo zuwa gida, su huɗu a baya, ni a gaba kusa da direba da ledar takalmi a cinya. Sati uku Abakar bai yi mini magana ba, in yana son gishiri a wurin cin abinci sai ya ce da Inna ta gaya wa "hukumar gasa" ta miƙo.

Abin da na koya shi ne, kafin mutum ya zauna rubuta wa jama'a doka, ya fara tambayar kansa ko zai iya tashi daga gaban kwanon kawunsa. In ba zai iya ba, ya bar wa "ma'alesh" ƙofa, don wata rana shi ne zai zo a guje yana neman ta.