Shingen Zogale

Ranar da mai duba ayyuka ta taso daga Yamai, ni na roƙa a fara kai ta garkar matan, wato lambun da nake kula da shi, kusa da Kore Mairuwa. A kan wannan garka sabunta kwantiragina ya rataya.

Tun farko ni na hana a sayi wayar shinge. Na tsaya gaban taro na ce waya tsatsa take yi, aiki mai ɗorewa shinge mai rai yake buƙata. Na zaɓi zogale, ya tsare garka, a kuma ci ganyensa. Maigari ya dube ni ya ce, "To, Malam, Allah ya raya."

Rabona da wurin tun kafin girbi. Na manta cewa da an kwashe hatsi ake sakin dabbobi.

Tun daga nesa na ga babu kore inda na bar kore. A cikin mota na shiga yi wa Madam mai duba ayyukan dogon bayani kan zaizayar ƙasa, ina addu'ar direba ya ɓata hanya. Bai ɓata ba. Awaki sun cinye shingen, sun wuce ciki sun gama da salati. Wani bunsuru yana tsaye gindin allon aikin yana tuƙa.

Madam ta ce, "Ina shingen?"

Inna Hajo, shugabar matan, ta nuna bunsurun. "Ga wani sashensa nan, Madam."

An bar ni a aiki da ƙyar, bisa sharaɗin a kewaye garkar da waya. Amma har yau in na ratsa kasuwar dabbobi ta Dogon Dutsi, sai dillali ya jawo akuya ya ce, "Malam, taɓa ka ji ƙiba. Kiwonka ce."