Wasiƙar Gwaggo ta Liba

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da na karanta wasiƙar Gwaggo ba. Lokacin mulkin Turawa ne, an buɗe makarantar 'yan mata zalla a Jega, aka kawo ni daga Jandutsi. Malama Hassi ce ke riƙe da mu, kuma dokarta ɗaya ce: ba sunkuyar da kai.

"Babu namiji nan, wa kuke jin kunya?" in ji ta. "Ku buɗa baki!"

Ni kuwa na buɗe shi har ya wuce misali (ana jiyo karatuna daga bakin rijiya, ni kuma ina ɗauka baiwa ce).

Wata Laraba sai ga Innata da rakiyar mata uku. Ta zo ta gani da idonta, in karatun banza ne ta tafi da ni gida. Ta kwance bakin zane ta fito da wasiƙar ajami da Gwaggo ta aiko daga Liba, wadda ba a riga an karanta ba. Malama ta ce ga gwaji ya kawo kansa.

Na miƙe, na gyara ɗankwali, na yi gyaran murya. Matsalar ita ce a lokacin baƙi-baƙi nake haɗawa, bakina na gaba, hankalina na biye. Na rangaɗa gaisuwa, sannan na ci gaba da ƙarfina:

"Ku hidda yarinyag ga daga makaranta. An ce ta koma sanƙira mai shela, baki gare ta kamar gangar biki, har ta hi uwatta surutu..."

Sai da na kai "uwatta" na gane wa ake nufi. Matan nan uku suka fashe da dariya. Malama ta juya tana duban bango, kafaɗunta na rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Inna ta dube ni sama da ƙasa. Can ta ce, "Malama, ku riƙe ta. Da sai mun kai ma malamin zaure ya ji zaginmu. Yanzu ko mun samu mai zaginmu cikin gida."

Haka na zauna na gama karatuna, Allah Ya jiƙan Inna. Tun daga ranar, duk takardar da aka miƙo mini sai ido ya gama da ita kafin in ba baki izini.